Attajiran Fatsa na Tekun Arewa: Yadda Kifin Tuna Ya Ɓace, Ya Kuma Dawo

A wajen wanda ya tashi a bakin kogin Isa ko a gefen tabkin Madarunfa, su sana'a ce kamar noma da kiwo. Masunci yana shiga ruwa don ya ci da iyalinsa, abin da ya yi saura ya kai kasuwa. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a ƙasashen bakin teku akwai waɗansu mutane da ke kashe dukiya mai yawa, su sayi jirgi, su ɗauki ma'aikata, su kwana cikin sanyi bisa ruwa, don su kama kifi guda ɗaya tak wanda ba su da niyyar ci, ba su kuma bukatar kuɗinsa. Abin da suke nema shi ne a auna kifin, a rubuta nauyinsa cikin littafin ƙungiyarsu, a ɗauki hotonsu suna tsaye kusa da shi.

Waɗannan su ne ƙungiyoyin masu fatsa don nishaɗi. Ɗaya daga cikinsu ta yi suna ƙwarai a wani garin bakin teku na ƙasar Ingila wanda ake rubutawa Scarborough, ana furta shi Sikabara, kimanin kilomita 300 arewa da birnin Landan. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, amma labarinta ya cancanci a ji shi, domin ya nuna abin da ke faruwa in mutane suka mai da hankali ga dokar wasansu suka mance da dokar ruwan da suke wasa a cikinsa.

Asalin wasan

Kamun kifi da fatsa don jin daɗi tsohon abu ne a Turai, amma a rafuka da ƙoramu aka fi yin sa. Fita tsakiyar teku neman manyan kifaye da sanda da zare bai kafu sosai ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. Cikin shekara ta 1898 wani Ba'amurke masanin halittun ruwa, Charles Frederick Holder, ya kama kifin tuna mai kilo 83 da sandar fatsa kusa da tsibirin Katalina, a gaɓar Kaliforniya. A cikin wannan shekara ya tara abokansa suka kafa ƙungiyar masu fatsar tuna a garin Avalon na tsibirin.

Abin da ya tunzura shi shi ne ganin yadda masu yawon shaƙatawa ke jawo kifi da igiya mai kauri, su tara shi tuli a bakin gaɓa har ya ruɓe. Don haka ƙungiyar ta kafa sharuɗɗa. An ƙayyade kaurin zaren da za a yi aiki da shi, yadda kifi zai iya tsinke shi in mai fatsa ya yi sakaci. An kuma ce mutum ɗaya ne zai riƙe sanda tun daga sa'ad da kifi ya haɗiyi ƙugiya har a kawo shi gefen jirgi. In wani ya sa masa hannu, to, ba a lissafa wannan kamu. Waɗannan sharuɗɗa suka bazu zuwa waɗansu ƙasashe, har cikin shekara ta 1939 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu fatsar manyan kifaye a birnin New York, wadda aka sani da haruffan IGFA, ita ce ke riƙe da littafin waɗanda suka ci kambu.

Kifin da ake nema

Tuna iri-iri ne, amma wanda ake magana a nan shi ne babbansu na tekun Atlantika, mai shuɗin baya da farin ciki da jan nama. Tsawonsa yakan wuce metir 3. Mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa ya yi kilo 679, wani mutum mai suna Ken Fraser ya kama shi a gaɓar Kanada cikin shekara ta 1979. Wannan kifi ya bambanta da yawancin kifaye, domin jikinsa yana riƙe ɗumi fiye da ruwan da yake ciki, shi ya sa yake iya shiga ruwa mai tsananin sanyi ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Ba ya tsayawa wuri ɗaya, dare da rana cikin tafiya yake, yana iya ƙetare Atlantika daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Waɗanda ke gabashin Atlantika a Bahar Rum suke zuba ƙwai, wajen watan Yuni da Yuli. In sun gama sai su fito ta mashigin Jibraltar a rame, su nufi arewa neman abinci. Abincin da ke jan su zuwa Tekun Arewa, watau tekun da ke tsakanin Ingila da Norwe da Danmak da Holan, shi ne wani ƙaramin kifi mai maiƙo da ake kira herin, ɗan'uwan sardin da ake saye cikin gwangwani. Herin yana tafiya ne garke-garke, miliyoyi a haɗe, yana matsowa gaɓar Ingila a watan Agusta da Satumba.

A wancan zamani ɗaruruwan jiragen masunta daga Sikotlan da Ingila da Holan ke bin wannan garke. Sukan shimfiɗa dogayen koma da maraice, su bar su rataye cikin ruwa kamar danga, da asuba su jawo. A bakin gaɓa kuma mata ne, yawancinsu daga Sikotlan, ke feɗe kifin suna cusa shi cikin ganguna da gishiri. Masuntan sun daɗe suna ganin waɗansu manyan kifaye na kewaya jiragensu lokacin jan koma, suna cafke herin da ya zubo, amma ba su ɗauke su a bakin kome ba face maɓarnata masu yaga musu raga.

Shekarun zinariya

Cikin shekara ta 1929 wani jirgin masuntan herin ya kawo tuna guda ɗaya tashar Sikabara. Wani mai nuna abubuwan al'ajabi ya biya ma'aikatan jirgin sule 50 don ya riƙa nuna shi ga baƙi masu zuwa hutu. Labari ya kai kunnen masu fatsa na Landan. Daga cikinsu akwai wani dattijo ɗan babban gida, Lorenzo Mitchell-Henry, wanda ya riga ya gwada fatsar tuna a Kanada, ya kuma ƙera sandarsa da faifan naɗe zarensa da kansa. Ran 27 ga watan Agusta 1930, kimanin kilomita 80 daga gaɓa, ya kama tuna mai laba 560, watau kilo 254. A lokacin ya haye shekara 60 da haihuwa. Shi ne na farko da aka kama da sanda da zare a ruwan Ingila.

Cikin shekara ta 1932 Kanal Edward Peel ya kama mai kilo 362, ya ƙwace kambun duniya daga hannun marubucin nan na Amurka, Zane Grey, wanda nasa ya tsaya a kilo 344. Shekara ta zagayo, a 1933, aka kafa Ƙungiyar Masu Fatsar Tuna ta Birtaniya, aka sa hedkwatarta a Sikabara, Kanal Peel ya zama shugabanta na farko. A wannan shekara kuma Mitchell-Henry ya kama mai laba 851, watau kilo 386, a ruwan garin Whitby da ke maƙwabtaka. Wannan nauyin bijimin sa ne, ko kuwa kusan buhu huɗu na gero masu kilo ɗari-ɗari.

Daga nan sai garin ya zama matattarar masu hannu da shuni. Kowane ƙarshen rani na Turai jiragen shaƙatawa na alfarma sukan cika tashar. Baron Henri de Rothschild ya zo daga Faransa cikin jirginsa mai suna Eros. Mai ƙera jiragen sama Tommy Sopwith ya zo, haka ma ɗan wasan silima Charles Laughton, wanda haifaffen garin ne. Jaridun Landan suka riƙa aiko da wakilai. In jirgi ya dawo da kifi, jama'a kan yi cincirindo a bakin tasha don su ga an rataye shi a sikeli.

Ba maza kaɗai ba ne. Lady Broughton, wadda ta yi suna wajen farautar manyan namun daji a Afirka, takan kafa tanti bisa jirgin masunta ta kwana ciki don kada asuba ta wuce ta. Bayan yaƙi kuma, cikin shekara ta 1947, wata likita mai suna Bidi Evans ta kama mai kilo 324, ta riƙe kambun mata na ƙasar.

Yadda ake yin sa

Wanda ya ga hotunan kaɗai zai zaci abin mai sauƙi ne. Babban jirgi yakan tashi da dare, ya yi tafiyar kilomita hamsin ko ɗari har ya iske jiragen masuntan herin. Gab da asuba, sa'ad da aka fara jan koma, sai a sauke ɗan ƙaramin kwale-kwale na katako. Mai fatsa ya zauna a ciki, an ɗaure masa ɗamarar fata a kafaɗu da ƙugu wadda ke haɗe da sandar. Tare da shi akwai matuƙi, wanda kusan kullum masunci ne ɗan garin da aka ɗauka aiki.

Sandar ba ta da tsawo ƙwarai, kimanin metir 2 ce, ta icce mai tauri ko ta gora. Faifan naɗe zare yana ɗauke da zare fiye da metir 500. A ƙarshen zaren akwai waya ta ƙarfe, sa'an nan ƙugiya mai tsawon tafin hannu, an soka mata herin guda a matsayin koto. Ana watsa waɗansu herin cikin ruwa don a jawo hankalin kifin, a jefa mai ƙugiyar a tsakaninsu.

In tuna ya haɗiya, ba ya tsalle sama kamar waɗansu kifaye. Gudu yake yi, ya kuma nutsa ƙasa. Zare yakan fita da ƙarfi har faifan ya yi zafi, sai an zuba masa ruwa. Daga nan kifin ya shiga jan kwale-kwalen da mutanen da ke ciki, wani lokaci tafiyar kilomita da yawa, cikin hazo da raƙuman ruwa, babban jirgi na biye daga nesa don kada su ɓace masa. A nan ne aikin matuƙi ke bayyana. Shi ne zai riƙa juya goshin kwale-kwalen wajen da kifi ya nufa. In ya bari zare ya ja su ta gefe, kifewa za su yi, kuma ruwan Tekun Arewa ba ya barin wanda ya faɗa cikinsa ya daɗe da rai saboda sanyi. Wani kamun yakan ƙare cikin rabin awa, wani ya kai rabin yini. Cikin shekara ta 1932 wani mai suna Harold Hardy ya yi fiye da awa 7 yana fama da kifi ɗaya, daga ƙarshe zare ya tsinke, ya komo hannu wofi.

Sunan mai riƙe da sanda ne ake rubutawa cikin littafi, ba a rubuta na matuƙi. Amma duk wanda ya san ruwa ya san cewa ba don masuntan ba, da babu wasan. Su ne suka san inda garken herin yake, komarsu ce ke tara tuna, hannunsu ne ke riƙe da ran attajirin. A waɗannan shekaru kuwa sana'arsu tana cikin matsi, domin manyan kasuwanninsu na Rasha da Jamus sun lalace tun bayan yaƙin duniya na farko. Ladan tuƙa baƙi na ƴan makonni ya zama abin rufin asiri ga gidaje da dama.

Shi kuwa kifin, in an gama auna shi da ɗaukar hoto, darajarsa ta ƙare. Mutanen Ingila na lokacin ba su saba da cin jan namansa ba, akan sayar da shi da araha.

Rigima a kan jiƙaƙƙiyar igiya

Yaƙin duniya na biyu ya tsai da wasan daga shekara ta 1939, domin Tekun Arewa ya zama fagen fama, an cika shi da nakiyoyi. Bayan an yi sulhu masu fatsa suka komo, tuna ma ya komo.

Cikin shekara ta 1949 wani manomi daga lardin Lincolnshire, John Hedley Lewis, ya kawo tuna tashar Sikabara, aka ɗora shi a sikeli, ya nuna laba 852. Watau ya ɗara na Mitchell-Henry da laba ɗaya, abin da bai kai rabin kilo ba. Dattijon, wanda a lokacin ya haye shekara 80, ya ƙi yarda. Ya kai ƙara cewa an auna kifin ne haɗe da igiyar da aka rataye shi da ita, igiyar kuma jiƙaƙƙiya ce, nauyinta ya fi laba ɗaya. Aka yi ta kai da kawowa, daga bisani aka karɓi ƙarar. Kambun ya zauna a hannun Mitchell-Henry, har yau kuwa kifinsa na 1933 ne ke rubuce a matsayin mafi nauyi da aka kama da fatsa a ruwan Birtaniya.

Babu mai cewa rigimar banza ce, domin ƙungiyar da ba ta tsare gaskiyar ma'auninta ba ta da abin tinƙaho. Amma Hausawa sun ce ana ga yaƙi kana ga ƙura. Sa'ad da ake gardama a kan nauyin igiya, shekara biyar kacal ta rage wa wasan gaba ɗaya. Kamu ya yi ta raguwa, jirage suna fita suna komowa ba su ga ko bayan kifi ba. Bayan shekara ta 1954 ba a sake kawo tuna da fatsa tashar Sikabara ba. Attajirai suka juya jiragensu zuwa waɗansu tekuna, ƙungiyar ta mutu a tsaye, matuƙa suka koma neman abin da ya saura cikin ruwa.

Me ya kore shi

Ruwa ba ya tsami banza. Ba masu fatsa ne suka ƙarar da tuna ba, domin abin da suka kama duk tsawon shekarun nan bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da na jiragen kasuwa. Masana sun nuna dalilai uku da suka haɗu.

Na farko, an ci abincin kifin. Bayan yaƙi jiragen masunta suka ƙara girma, suka sami injuna masu ƙarfi da na'urar gano garke a ƙarƙashin ruwa. Aka shiga jan taru a wuraren da herin ke zuba ƙwai, aka kuma shiga kwasar ƙanana waɗanda ba su kai haihuwa ba, ana niƙa su don yin abincin dabbobi da mai. Cikin shekarun 1960 aka kawo wani irin taru mai mazagi: a kewaye garke duka, a zuge gindin tarun kamar yadda ake zuge wando, a kwashe shi ƙaf. Herin na Tekun Arewa ya yi ƙasa ƙwarai, har cikin shekara ta 1977 aka hana kama shi, ba a sake buɗewa sosai ba sai a 1983. Dubban masunta da masu feɗe kifi suka rasa aiki.

Na biyu, an kama tunan kansa. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 jiragen Norwe suka fara kewaye shi da wannan taru mai mazagi. A shekarun 1950 akwai shekarar da suka kama wajen tan dubu 15. Cikin shekara ta 1963 kamun ya faɗi warwas, daga baya ya ƙare. A kudu kuma, a gaɓar Faransa da Sifen da Maroko, ana ta kama ƙanana tun ba su girma sun iso arewa ba.

Na uku, teku da kansa yana da zamanin ɗumi da zamanin sanyi, kowane yakan ɗauki shekaru masu yawa. Daga shekarun 1960 arewacin Atlantika ya shiga zamanin sanyi, hanyoyin kifi suka sauya.

Littafin dokokin ƙungiyar Sikabara ya yi magana a kan zare da sanda da sikeli. Ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku.

Doka bisa teku

Kifin da ke haihuwa a ruwan wata ƙasa, ya girma a na wata, ya yi kiwo a na ta uku, babu gwamnati ɗaya da za ta iya tsare shi ita kaɗai. Saboda haka cikin shekara ta 1966 aka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Rio na Brazil, wadda ta haifi hukumar ƙasa da ƙasa ta kiyaye tuna na Atlantika. Ta fara aiki a 1969, mazauninta yana birnin Madrid. Ƙasashen Afirka na bakin teku da dama suna cikinta, kamar Maroko da Senegal da Gana da Kodebuwa.

Amma kafa hukuma daban, bin maganarta daban. Daga shekarun 1970 kifin da aka raina a Sikabara ya zama mafi tsada a duniya, domin mutanen Japan suna cin namansa ɗanye a yanka-yanka, jiragen sama kuma sun fara kai musu shi daga nesa. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka ƙirƙiro wata dabara a Bahar Rum: a kama garke da rai, a zuba shi cikin manyan keji a teku, a yi masa kiwon turke har ya yi ƙiba kafin a yanka. Cikin shekara ta 2007 hukumar ta ƙayyade tan 29,500 ga gabashin Atlantika da Bahar Rum, amma masananta sun ƙiyasta abin da aka kama a zahiri ya kai wajen tan 61,000.

Sai da abin ya kai gargara aka farga. Cikin shekara ta 2010, a taron birnin Doha, ƙasar Monako ta nemi a haramta cinikin wannan kifi tsakanin ƙasashe. Ba a amince ba, amma barazanar ta yi aiki. Aka rage kason zuwa tan 13,500 a 2010, sa'an nan 12,900 a 2011. Aka hana kama wanda bai kai kilo 30 ba in ban da waɗansu wurare ƙalilan, aka taƙaita kwanakin jan taru, aka rage yawan jirage, aka sa masu sa ido a cikinsu, aka kuma ce kowane kamu sai da takardar da za ta bi shi har kasuwa. Cikin ƴan shekaru garken ya fara farfaɗowa. A shekara ta 2021 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Kason da aka yanka na shekarun 2023 zuwa 2025 ya kai tan 40,570 a kowace shekara.

Dawowar baƙo

Wajen shekara ta 2014 masunta da masu yawo a teku suka fara ganin manyan kifaye suna fasa ruwa a kudu maso yammacin Ingila da yammacin Ailan. Haka aka gan su a ruwan Norwe da Danmak da Suwidin, inda aka yi shekaru masu yawa ba a gan su ba. Masana sun danganta wannan da raguwar kamu, da ƙaruwar ƙananan kifayen da yake ci, da kuma ɗumamar ruwa.

Jikokin masu fatsa na da suka tashi suna neman a ba su izini. A wannan karo hukuma ba ta sake musu linzami ba, su ma kuwa ba irin na da suka nema ba. A Danmak da Suwidin, tun daga shekara ta 2017, masana suka nemi taimakon masu fatsa, waɗanda suka fito da jiragensu da mansu don a kama kifin a maƙala masa na'urar da ke nuna inda ya bi. Ailan ta fara nata shiri a 2019. A Ingila an fara a shekara ta 2021 da jirage 15 waɗanda aka horar da matuƙansu, cikin wannan shekara kaɗai suka sa wa kifi wajen 700 alama. A shekara ta 2024 aka buɗe wasan ga masu takardar izini, bisa sharaɗin kowane kifi a sake shi da rai.

Ga yadda abin yake yanzu. Ana amfani da zare mai ƙarfi don kada a daɗe ana wahalar da kifin, abin da ya saɓa wa tunanin mutanen da, waɗanda ke ganin tsawon fama shi ne bajinta. In an kawo shi gefen jirgi ba a fid da shi daga ruwa. Ana auna tsawonsa, a cikin shirin masana kuma a soka masa ƴar alama mai lamba a gindin ƙayar bayansa. Sa'an nan a riƙe shi, jirgi na tafiya sannu-sannu, don ruwa ya riƙa shiga bakinsa yana fita ta gefen kansa, wanda ta nan ne kifi ke numfashi. In ƙarfinsa ya komo, a cire ƙugiya ko a yanke zare, ya tafi. Matuƙi ya rubuta rana da wuri da tsawo, ya aika wa hukuma.

Ba a ce an rabu da gardama ba. Akwai masu cewa ko da an sake shi an cuce shi, waɗansu kuma sukan mutu bayan sakin. Masuntan kasuwa na ƙananan jirage suna cewa su ma suna da hakki a kan kifin da ke cin abincinsa a bakin ƙofarsu, aka kuwa ba waɗansunsu ɗan ƙaramin kaso tun daga shekara ta 2023. Masu jiragen haya na garuruwan bakin teku suna cewa kifi mai rai, wanda baƙi za su biya kuɗi su zo nema shekara da shekaru, ya fi musu wanda aka sayar sau ɗaya. Waɗannan duka maganganu ne da ake yi a gaban hukuma, da alƙalumma a hannu, tun kifin yana nan.

Abin lura shi ne, yawancin tunan da ya komo a yamma da kudu ya tsaya. Gaɓar Sikabara, inda aka yi shagalin farko, ba ta sake ganin irin garken shekarun 1930 ba, kuma jiragen herin da ke tara shi da asuba sun daɗe da shuɗewa. Kambun Mitchell-Henry kuwa da wuya a ƙwace shi, ba don babu kifin da ya fi nasa ba, sai don an daina rataye su a sikeli. Ma'aunin mai fatsa na yau zaren awo ne da ake miƙawa a gefen jirgi, kifin na cikin ruwa yana numfashi.